Sayen Gida da Gona a Karkarar Madarumfa: Abubuwan da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Mai karatu, tsadar haya da tsadar abinci sun sa mutane da yawa suna tunanin barin birni. Burinsu shi ne su sami gida mai sauƙin kuɗi a ƙauye, da gona kusa da shi, su ci abin da suka noma, su sha ruwan rijiyarsu, su sami haske daga rana. Wasu kuma tunaninsu yakan tsallaka iyaka. Mutumin Katsina ko Jibiya yakan dubi ƙasar Maraɗi. Ɗan Nijar da ya daɗe yana nema a Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya yakan so ya dawo ya kafa gida. Wannan darasi zai bayyana muku yadda lamarin yake a gundumar Madarumfa, da matakan da za ku bi don kada guminku ya tafi a banza.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan tunani ba. A ƙasar Italiya, wasu garuruwan karkara da mutane suka ƙaurace musu, kamar Sambuca a tsibirin Sisili a shekarar 2019, sun sa tsofaffin gidaje a kasuwa daga yuro 1 kacal. Amma an ɗora wa mai saye sharaɗin ya gyara gidan cikin shekara 3, kuma kuɗin gyaran ya ninka kuɗin sayen sau dubbai. Saboda haka kuɗin da aka faɗa muku ranar ciniki somin taɓi ne kawai.

Wace irin ƙasa ce Madarumfa?

Madarumfa gunduma ce a jahar Maraɗi, a kudancin Jamhuriyar Nijar. Garin yana da nisan kimanin kilomita 25 kudu da birnin Maraɗi. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 6: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Ta yi iyaka da Nijeriya, kuma babbar hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Jibiya tana shiga Nijar ne ta Ɗan Isa. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, domin Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadin farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar Katsinar Maraɗi.

Yankin yana cikin wuraren da suka fi ni'ima a Nijar. A shekara mai kyau ana samun ruwan sama milimita 500 zuwa 600, daga watan Yuni zuwa Satumba. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga Nijeriya, ya ratsa gundumar, sannan ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da kogin Rima. Akwai tafkin Madarumfa, wanda ake kamun kifi a cikinsa, ake kuma ziyartar kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi. A shekarar 2019 an sa tafkin cikin jerin dausayi masu muhimmanci a duniya. Akwai dajin Baban Rafi a kudu maso yamma, da filin noman rani na Jiratawa wanda ya yi suna wajen zogale.

Sai dai ni'imar ta jawo jama'a. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna mutanen gundumar sun haura 400,000, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, hutar da gona ya kusa zama labari. Don haka idan aka ce muku ga babbar gona da araha a wannan yanki, ku tsaya ku tambayi dalili.

Me doka ta ce game da ƙasa?

Dokar ƙasa ta Nijar ta bambanta da ta Nijeriya. A Nijeriya, dokar shekarar 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A Nijar kuwa, babbar dokar karkara ita ce mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993. Wannan doka ta yarda cewa mutum yana iya mallakar gona ta hanyar al'ada, kamar gado, ko ta hanyar takarda, kuma ta ba su kariya iri ɗaya. Ta ce albarkatun karkara dukiyar al'ummar ƙasa ce, kuma kowane ɗan Nijar, mace ko namiji, yana da damar cin moriyarsu.

Dokar ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Suna da mataki 3:

1. COFOB, wato kwamitin ƙauye. Maigari ne shugabansa. Akwai magatakarda da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Nan ake rubuta takardar ciniki.
2. COFOCOM, wato kwamitin ƙaramar hukuma, a ofishin magajin gari.
3. COFODEP, wato kwamitin gunduma, ƙarƙashin shugaban gunduma. Shi ke shigar da gona cikin kundin karkara, ya ba da takardar mallaka bayan bincike da sanarwa ga jama'a.

Idan ku ba 'yan Nijar ba ne, ku fara da ofishin COFODEP kafin ku ba kowa ko dala ɗaya. Ku faɗa musu ƙasarku, ku tambaye su irin takardar da za a iya rubutawa da sunanku. Kada ku sayi gona da sunan aboki ko suruki don gudun wahalar ofis. A gaban alƙali, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai gona. Idan ya rasu, magadansa ne za su raba ta.

Hanyoyin samun gona

Kalmomin nan guda 6 sun bambanta, kuma kowace tana da irin takardarta.

Gado: gonar da mutum ya samu daga iyayensa.
Saye: an biya kuɗi, gona ta bar hannun mai ita har abada.
Kyauta: an ba da gona ba tare da kuɗi ba.
Aro: ana noma gona, amma mai ita yana iya karɓar abinsa.
Haya: ana biyan kuɗi ko hatsi don noman shekara ɗaya ko fiye.
Jingina: an ba mai gona kuɗi, ana noma gonarsa har ranar da zai mayar da kuɗin.

Rigima mai yawa tana tasowa ne idan mai karɓa yana zaton saye ya yi, mai bayarwa kuma yana cewa jingina ce. Haka kuma wanda ke riƙe da gonar aro ko ta jingina ba shi da ikon sayar da ita, ko da ya shekara 30 yana nomanta.

Matakan da za ku bi kafin biyan kuɗi

Mataki na 1. Ku je da ƙafarku. Gani ya kori ji. Kada ku dogara da hoton da aka turo muku ta WhatsApp, ko da bakin dillali. Ku ga wurin sau biyu: a watan Agusta, lokacin da ruwa ke nuna inda yake kwanciya, da kuma a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa.

Mataki na 2. Ku gai da maigari, ku bayyana masa niyyarku a fili. Shi da dattawan gari su ne suka san tarihin kowace gona.

Mataki na 3. Ku binciki yadda mai sayarwa ya sami gonar. Idan gado ce, ku tambaya ko an raba. Gandun da ba a raba ba na magada ne duka, har da mata da marayu da waɗanda suka tafi ci-rani. A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi gonar. Ku nemi kowane magaji ya yarda a gaban shaidu.

Mataki na 4. Ku zaga iyakar gona tare da maƙwabta na kusurwa huɗu. A auna ta, a rubuta faɗinta, a kafa alamu. Ku lura da kalmar eka. A bakin mutane da yawa a Nijar, eka na nufin hekta, wato fili mai mita 100 a tsaye da mita 100 a kwance. Ekar da aka gada daga Turawan Ingila kuwa ba ta kai rabin hekta ba.

Mataki na 5. Ku tabbatar gonar ba ta shiga burtali, makiyaya, mashayar dabbobi ko dajin gwamnati ba. Waɗannan ba mallakar mutum ɗaya ba ne, kuma ba a sayar da su. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara ƙarfafa kariyarsu. Wanda ya gina gida a kan burtali zai rasa gida da kuɗi.

Mataki na 6. A rubuta takardar saye a gaban COFOB, da sa hannun mai sayarwa, mai saye, shaidu da maigari. Galibi da Faransanci ake cika takardun. Ku zo da wanda kuka amince da shi ya karanta muku kowane layi, ya fassara. Kada ku dangwala yatsa a kan takardar da aka bar gurbin kuɗi ko na faɗin gona ba a cika ba.

Mataki na 7. Ku biya kuɗi a gaban shaidu, ku karɓi takardarku, sannan ku kai maganar COFODEP don a shigar da gonar cikin kundi. Ku ɗauki hoton takardar, ku ajiye asalinta inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Lissafin kuɗi

Kuɗin Nijar shi ne sefa. Darajarta a ɗaure take da yuro: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957. Naira kuwa tana hawa tana sauka, kuma ta faɗi ƙwarai daga shekarar 2023. Wanda ya yi alkawarin biya kashi-kashi da sefa alhali samunsa da naira ne, bashinsa yana iya kumbura ba tare da an ƙara masa ko sisi ba.

Ku kula da yadda ake ƙidaya. A kasuwannin Nijar, dala 1 ita ce sefa 5, dala 20 ita ce sefa 100, jika 1 kuma sefa 1,000 ce. A Nijeriya kuwa jaka ɗaya naira 200 ce a tsohon lissafi. A takarda, a rubuta kuɗin da lamba kuma da kalmomi, a ambaci sunan kuɗin.

Bayan kuɗin saye, ku tanadi kuɗin takardu da awo, na gyaran ɗaki da katanga, na rijiya, na iri da taki, da abincin iyali na shekara guda cur. Gona ba ta ciyar da sabon mai ita sai bayan girbin farko.

Gona nawa ke ciyar da iyali?

Hukumomin Nijar suna lissafa cewa mutum ɗaya mazaunin karkara yana buƙatar kilo 231 na hatsi a shekara. Gida mai mutum 8 yana buƙatar kilo 1,848, wato kusan buhu 18 da rabi masu kilo 100. Kowane buhu yana ɗaukar kimanin tiya 40. Hekta ɗaya ta gero a jigawa tana ba da kilo 400 zuwa 500 a shekara matsakaiciya. Ke nan gidan yana buƙatar hekta 4 zuwa 5 don tuwo da fura kaɗai. Ba a sa iri ba, ba a sa zakka ba, ba a sa abin da za a sayar don magani da sutura ba.

Samun hekta 5 wuri ɗaya a Madarumfa abu ne mai wuya. Shi ya sa mutanen yankin ba su dogara da gero kaɗai ba. Suna haɗa shi da wake, gyaɗa, riɗi da aya. Masu fili a fadama suna noman rani: zogale, tumatir, albasa da rogo. Mata suna kiwon jar akuyar Maraɗi, wadda ta shahara da yawan haihuwa da kyawun fata. Yunwar shekarar 2005, wadda ta yi tsanani a jahar Maraɗi, ta kama gidajen manoma da yawa da suka sayar da hatsinsu da kaka, farashi kuma ya tashi da bazara. Saboda haka ku riƙe wata sana'a ko bayan noma.

Akwai dabarar da aka fara yaɗawa a nan ƙasar Maraɗi daga shekarar 1983, wadda ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare kowane toho lokacin sharar gona, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi daga kututture, a gyara shi, a bar shi ya girma. Ta wannan hanya itatuwa sun dawo a miliyoyin hektoci a Nijar. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Gonar da ke da gawo da kalgo ta fi wadda take fayau. Wake kuma ku adana shi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba.

Ruwa

Kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha, girki da tsabta. Mutum 8 suna buƙatar lita 160, wato jarka 8 masu lita 20, ban da rabon dabbobi. A kwarin Gulbi ruwa yana kusa. A kan tudu kuwa rijiya tana yin zurfi, kuɗin haƙa ta ma yana ƙaruwa. Ku auna zurfin rijiyoyin maƙwabta da bazara, ku ɗanɗana ruwansu. Ku sani kuma cewa tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya wajen shekarar 1990, ruwan da ke gangarowa Gulbi ya danganta da abin da aka sako daga can.

Rufin kwano yana iya tara muku ruwa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Rufi mai murabba'in mita 40, a shekarar da aka sami milimita 500, yana karɓar lita 20,000. Wannan ya kai ruwan wata 4 ga gida mai mutum 8, idan akwai tankin da zai riƙe shi. Masai kuma a haƙa shi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ta ɓangaren gangare.

Ruwa yana da ɗaya fuskar. A daminar 2024 ambaliya ta rushe dubban gidaje a Nijar, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka. Kada ku gina ɗakin ƙasa a bakin Gulbi ko a hanyar ruwa. Ku duba gindin katanga: tabon laima yana nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Haske daga rana

Ƙauyuka da yawa ba su da wutar NIGELEC. Ko a birane, an sha duhu lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta 2023. Rana kuwa ba ta yankewa. Faifan sola mai wat 100, idan ya sami rana mai ƙarfi ta awa 5, yana tara abin da zai kunna ƙwai 4 masu wat 5 na tsawon awa 5, ya yi cajin waya 2, ya juya ƙaramar fanka da dare. Ba zai ɗauki firji babba ko injin niƙa ba. Faifai mai kyau yana shekara 20 ko fiye, amma baturin gubar dalma yakan mutu cikin shekara 2 zuwa 3 saboda zafi. Ku sa kuɗin sauya shi cikin lissafi. Ku ajiye batur a inuwa, ku riƙa share ƙurar hunturu daga kan faifai.

Tsaro da iyaka

Wannan sashe ya fi kowane muhimmanci. Daga shekarar 2019, dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina sun gudo jahar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Satar shanu da garkuwa da mutane sun taɓa ƙauyukan Madarumfa na bakin iyaka, musamman wajen Gabi da kewayen dajin Baban Rafi. Gidan da ke shi kaɗai a daji, da faifan sola a kan rufi da shanu a turke, yana jan ido. Ku zauna cikin gari, ku riƙa fita gona. Sau da yawa dalilin arahar gona shi ne mai ita ya daina iya zuwa can.

Iyaka ma ba kullum take a buɗe ba. Nijeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, kuma a cikin watan ne gwamnatin Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Takardar gona ba takardar zama ba ce. Ku mallaki fasfo mai aiki, ku je ofishin 'yan sanda ku ji abin da ake buƙata a lokacin. Ku tambayi kanku: idan aka rufe iyaka wata 6, wa zai kula da gona, kuma ina yara za su yi karatu?

Zama da mutane

Dogaro da kai ba ya nufin rabuwa da jama'a. Za ku buƙaci maƙwabta ranar gayya, ranar suna da ranar rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro yana yawa a kwarin Gulbi da damina. Ku san nisan asibiti mafi kusa, ku kwana cikin gidan sauro, ku kai yara 'yan ƙasa da shekara 5 karɓar maganin rigakafi na damina.

Ku girmama haƙƙin makiyaya. Kowace shekara hukuma tana sa ranar sakin gonaki, bayan ta dabbobi suna da damar shiga cin kara. Ku kwashe amfaninku kafin ranar. Idan an yi muku ɓarna, ku kai ƙara wurin maigari, daga nan zuwa wurin sarki, kafin kotu. Abin da ya faru a Toda, cikin jahar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, inda aka kashe mutane fiye da 100 a rikicin manoma da makiyaya, ya isa gargaɗi.

Shawarar da ta fi sauƙi

Idan da hali, kada ku saya a shekarar farko. Ku kama hayar gona da ɗaki, a rubuta takardar haya a COFOB, ku yi damina ɗaya da rani ɗaya. A ƙarshensu za ku san ƙasar, ku san mutanen, su ma su san ku. Idan wurin bai karɓe ku ba, kuɗin haya kawai kuka rasa.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin saye da jingina?
2. Gida mai mutum 6 yana buƙatar kilo nawa na hatsi a shekara? Buhu nawa ke nan?
3. An ce kuɗin wani fili jika 350 ne a Nijar. Ku rubuta kuɗin da sefa.
4. Su wane ne ya kamata su sa hannu a takardar sayen gona?
5. Waɗanne filaye ne doka ta hana sayarwa, kuma me ya sa?